Gefen Dama na Shafin Mai Keke

Shekara arba'in da 'yan kai Mai Keke ya yi yana gyaran keken ɗinki a shago ɗaya, wani ɗan tsukuku tsakanin mai sayar da zare da mai guga. In ka shiga, warin man keke ne zai fara yi maka maraba, sai gwangwanayen madara cike da notuna a jere kan kanta, sannan shi kansa, tabarau a kan karan hanci, kunne a jikin keke. Tela zai shigo yana ta zuba bayani, shi kuwa sai ya ɗaga hannu ya ce, "Bari keken ya faɗa da bakinsa." Ya juya keken sau biyu, ya ce ga abin da ke damunsa. Kuma in an buɗe, shi ɗin ne.

Mutum ne mai taurin kai, wannan kam ko matarsa ba ta rufa masa asiri. Amma ba shi da rowar sani. Shi ya sa da autarsa, wadda kowa ke kira Auta har yanzu da take da 'ya'ya biyu, ta buɗe masa shafi a intanet shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ya riƙe abin hannu bibbiyu. Ta kawo masa tsohuwar kwamfutar ofishinsu mai faffaɗan gilashi, ta girka ta a ƙuryar shago, ta yi masa bayanin cewa shafin ba a cikin kwamfutar yake zaune ba, wani kamfani ne ke ajiye masa shi a na'urarsu. Ya ce, "To, masu masauki ke nan." Daga ranar sunan ya bi su. In shafin ya yi nauyin buɗewa sai ya ce masu masauki sun yi baƙi da yawa. Sau ɗaya shafin ya ɗauke kwana biyu cur, wallahi ko abincin kirki bai ci ba.

Laraba da Asabar da hantsi yake rubutu, da yatsa ɗaya, yana neman haruffa kamar kaza na tsintar hatsi. Ƙarshen kowane wata ya kwafe komai a ɗan filashi, ya jefa shi cikin gwangwanin da ya ware masa. Rubutu ɗari uku da goma sha biyu ya tara haka: keken da ke tsinka zare, wanda ke tsallake ɗinki, wanda ke cin yadi.

Tsarin rubutun kuwa na maigidansa ne, wanda ya koya masa aiki. Shi marigayin littafi yake buɗewa, gefen hagu ya rubuta abin da za a yi, gefen dama, daidai saitin kowane mataki, ya rubuta abin da za a kiyaye. Haka Mai Keke ya sa Auta ta raba masa shafin gida biyu, hagu aiki, dama gargaɗi. A faffaɗan gilashinsa abin gwanin sha'awa.

Akwai dai masu rubuto masa a ƙasan rubutun cewa sun bi yadda ya ce amma allura ta karye. Waɗannan tsaki yake ja musu. "Mutanen yanzu ba sa karatu," in ji shi, "sai gaggawa."

A 'yan shekarun nan hannunsa na dama ya fara rawa. Da fari zare ne ya ƙi shiga allura, daga baya ƙananan notuna suka fara zille masa. Likita bai ɓoye masa ba: abin ba ya komawa baya. Mai Keke bai yi wa kowa ƙorafi ba, amma ya san ranar rufe shago tana tafe. Abin da ke sanyaya masa rai shi ne shafin. Ko hannu ya tafi, ai abin da hannun ya sani yana nan a ajiye.

Wata Litinin da safe wata mata ta sauko daga bayan babur rungume da kan keke a cikin zani. Tela ce, daga can bayan gari, ba ta wuce sa'ar Auta ba. Ta gaishe shi har ƙasa, ta ajiye keken a kan tebur a hankali.

"Baba, ni ɗalibarka ce, ko da yake ba ka san ni ba. Duk abin da na iya na gyara a shafinka na koya."

Ya ji daɗi, har ya gyara zaman tabarau. Ya juya keken, sai ya ji ƙaras. Da ya buɗe ƙasa ya tarar ƙugiyar da ke kama zare ta ɓalle baki.

"'Yata, kin taɓa sandar allura?"

"Na sauke ta kaɗan, yadda ka rubuta. Yana tsallake ɗinki ne."

"Kin juya da hannu kafin ki taka?"

"Ba ka ce ba, Baba."

Nan fa tsohon halin ya motsa. "Ban ce ba? Ni? Ga shi nan baro-baro: juya da hannu sau uku, in kin ji allura ta taɓa ƙarfe ki tsaya." Ya ja ta zuwa ƙurya, ya buɗe rubutun a kwamfuta, ya ɗora yatsa a gefen dama.

Matar ta daɗe tana kallo. Sannan ta ciro wayarta mai tsagaggen gilashi, ta buɗe wannan rubutun, ta miƙa masa.

Gefen hagu ne kawai. Matakai a jere, ɗaya, biyu, uku, tsaf. Inda gefen dama ya kamata ya fara, nan bakin wayar ya ƙare. Ya ja da yatsa, bai motsa ba. Ya kwantar da wayar, sai kan wasu haruffa suka leƙo, ba su isa a karanta ba.

Shi wayarsa mai madannai ce, ta kira da amsawa. Tun da yake bai taɓa ganin shafinsa a waya ba. Auta kuwa ba ta ɗinki, buɗe masa ta yi ta koma harkarta. Telolin unguwa ba su da dalilin karantawa, tunda ga shi a kusa.

"Kullum haka kike ganinsa?"

"Kullum. Duk mu 'yan ƙungiyarmu a waya muke karantawa. Wa ke da kwamfuta?"

Ya nemi kujera ya zauna. Duk waɗanda ya ja wa tsaki suka faɗo masa a rai ɗaya bayan ɗaya. Ashe sun karanta, sun kuma bi shi sau da ƙafa, shi ne ya ba su rabin magana. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun yana ɗan koyo. Ya ce, "Ki yafe mini, 'yata. Laifina ne." Ya lalubo wata ƙugiya a gwangwani ya sa mata, aikin minti ashirin ya ci masa awa biyu saboda hannu. Ta tafi tana ta godiya, godiyar tana ƙara masa nauyi.

Ranar Asabar Auta ta zo da ƙaramar kwamfutarta, ya ba ta labarin abin da ya faru. Ta duba, ta ce tsarin shafin tsoho ne, an yi shi tun kafin kowa ya koma waya, amma masu masauki suna da sabon da ke bin girman kowace waya. Cikin 'yan mintuna ta sauya, ta miƙa masa wayarta tana murmushi. "Ga gefen damanka ya dawo, Baba."

Ya dawo kam. Sai dai sabon tsarin ɗauke shi ya yi gaba ɗaya ya kai shi ƙasa, bayan an gama jera matakai. Mai Keke ya yi ta ja har ya iso wurin, ya girgiza kai.

"Wanda ke gyara yana karanta layi ɗaya ne ya ajiye waya ya yi. Kafin ya iso nan ai ya riga ya taka. Wannan ihu ne bayan hari."

"To sai dai a bi su ɗaya-ɗaya, a ɗora kowane gargaɗi a kan matakinsa. Ni zan iya yi maka."

"Kin san wanne ne na wanne?"

Ta duba, ta ga sun cakuɗe, ta ce ba ta sani ba. Shi kaɗai ya sani.

Suka gyara rubutun sandar allura tare, yana faɗa tana matsarwa, har ya ƙara wasu abubuwan da ya ga ya kamata. Guda ɗayan nan ya kai su azahar. Auta ranar Asabar kawai take samu, ita ma ba kowace ba. Shi kuma da yatsansa ɗaya, in ya yi ƙoƙari, biyu a mako. Shekara uku ke nan. Ya dubi hannun da ke rawa a kan gwiwarsa. Ita ma ta gani ta kau da kai.

"A bar su haka, Baba," in ji ta a hankali. "Mu sa sanarwa a sama cewa a fara duba ƙasa. Ka gyara wanda ka samu dama."

"Ni da na ce mutane ba sa karatu, yanzu kuma in dogara da sanarwa?" Ya ɗan murmusa. "Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Akwai yadda ake rufe su, kada kowa ya gani sai an gyara?"

"Akwai. Ba gogewa ba ne, ɓoyewa ne. Amma Baba, shekara goma sha ɗaya fa. In ba ka kai ga gyara su ba, shi ke nan, ba wanda zai sake ganinsu."

"Na sani."

Ta zaɓe su duka, ɗari uku da goma sha ɗaya, ta kai hannu za ta danna. Ya ce a'a, shi zai yi. Ya matso da kujera, ya miƙa yatsa, yatsan ya yi ta kewaya madannin ya kasa sauka. Auta ta cije leɓe, ba ta taimaka masa ba, don ta san shi. Sai ya sa hannun hagu ya riƙe wuyan na dama, ya danna.

Shafin ya buɗe fari fat, rubutu ɗaya tal a samansa. Idon Auta ya kawo ruwa. Mai Keke ya daɗe yana kallo, sannan ya ce ta buɗe masa na tsinkewar zare, shi ya fi damun mutane, su fara da shi tun tana nan.