Tanimu Mai Kiwon Mujiya

A Deule, ta wajen Buza, in ka ce Tanimu sai a tambaye ka wanne. In ka ce Mai Mujiya kuwa, har ƙofar gida za a raka ka. Asalinsa mai ɗaura gadon kara ne, sana'ar da ya koya wurin kawunsa. Hannunsa ya iya aiki, amma bakinsa ya fi hannun. Tanimu in ya je kasuwar Tamaske ya dawo, sai ka rantse Makka ya je.

Labari ɗaya ne bai taɓa bayarwa ba: tsoron duhu yake yi. Ƙato guda, amma da rana ta faɗi ba ya zagawa bayan gida sai matarsa Indo ta tsaya masa a bakin zana tana tari, don ya san da mutum kusa. In mujiya ta yi kuka a kan gawo kuwa, ranar ko zagawar ma babu. Indo kaɗai ta san wannan, ta kuwa rufa masa asiri.

Shekarar da yaƙin Annasara ya yi zafi aka tara samari a Madawa, likita ya duba haƙora, ya bubbuga ƙirji, Tanimu ya faɗa cikin waɗanda aka ɗiba soja. Ya bar Indo da ciki. Aka yi ta yawo da su, daga mota zuwa jirgin ƙasa, daga nan zuwa jirgin ruwa, har wani tsibiri da ake kira Kors. Can ƙafarsa ta kumbura, 'yan uwansa suka wuce bakin daga, shi aka bar shi a filin jiragen sama na Amerikawa. Aikinsa tura jirage da goge su. Tanimu ya gode wa ƙafar nan har cikin ransa.

A nan ya gamu da abin da ya cika masa ido. Wani jirgi ne gajere mai kauri, shuɗi mai duhu kamar an tsamo shi daga marina. Mutum ɗaya yake ɗauka. Injinsa na gaba ne, kawunansa a kewaye kamar ramukan tanda, da farfela a baki. In ya sauka sai ya naɗe fikafikansa baya, su kwanta masa a haƙarƙari. Wani sarzan na soja, Isiyaku, mutumin Ƙonni mai jin Faransanci, shi ya warware masa. Ya ce asalin gidan jirgin a bisa bayan jirgin ruwa ne, wuri ya yi ƙaranci, shi ya sa yake naɗewa, ƙugiyar da ke wutsiyarsa kuma da ita yake kama igiya in ya sauka, don kada ya zarce cikin teku. An rufe masa bututun hayaƙi don kada a ga wutarsa da dare. Sai kuma wani abu mai kama da gora da ke manne a fiffiken dama. Isiyaku ya ce a farkon yaƙi da ido kawai matuƙa suke neman abokan gaba cikin duhu, su yi ta lalube su dawo hannu sake. Sai aka ƙera wannan gorar. Tana aika wata murya da kunne ba ya ji, muryar ta bugi jirgin abokin gaba ta dawo, matuƙi ya ga inuwarsa cikin ɗan madubi. Sojojin Hausawa na wurin suka sa wa jirgin suna Mujiya. Tanimu, wanda ke gudun ta kan gawo, ya wuni yana shafa wannan yana mata kirari.

Da yaƙi ya ƙare ya dawo Deule da takalmi sau ciki da baki cike da labari. Ya tarar Indo ta haifi 'ya mace, A'i, har ta yi wayo. Ya dube ta sau ɗaya ya kau da kai, ai 'yar fari ce, ba a zaƙewa. Ko ruwan sauka bai gama sha ba ya nufi dandali, inda maza suka kewaye shi suna tambaya me ya yi a yaƙi.

Ya gyara zama ya ce, “Ni kiwon Mujiya ni yi. Da rana in yi mata wanka, in shahe ta da mai. Dare na yi ta tashi hwarauta. Wanda duk ta hanga cikin duhu nashi ya ƙare. In ta dawo da sahe a yi mata zane ga jiki, a ce ta ci mutum guda.”

Da ya ce jirgi, da an wuce wurin. Bai ce ba, don a ganinsa wa bai san Mujiya ba? Ya ga mutane suna jan tabarma baya, ya ɗauka girmamawa ce. Kafin gari ya waye magana ta zaga Deule: Tanimu ya sayo maita a ƙasar Annasara, da bakinsa ya faɗa. Mata suka riƙa goya manyan yara in zai wuce. Wanda ya sa shi ɗaurin gado ya aiko a bari. Sai ga surukinsa Barmo ya zo da sanda, ya sa Indo da A'i a gaba zuwa gidansa, ya ce jikarsa ba za ta kwana inda ake kiwon mujiya ba.

Wannan ne ya kashe wa Tanimu baki. Gida ya yi masa faɗi, ga duhu ba mai tari. Abin da ya fi cin ransa shi ne yarinyar. Ya tuna ko fuskarta bai gama gani ba, yana can yana yabon ƙarfe. Ya ji kunya, ya ji kewa, ya kasa cin tuwo.

Sai ya koma wa sana'arsa. Ya samo kara ya fere, ya ɗaura jirgi tsawon kamu, da farfela mai juyawa, da ƙugiyar ƙaya a wutsiya, da fikafikai masu naɗewa a kan zare. Ya shafa masa shuni, ya manna 'yar ƙaramar gora a fiffiken dama. Da hantsi ya ɗauka ya nufi zauren Barmo, rabin gari na bin sa daga nesa.

Ya tuɓe takalmi ya durƙusa. “Baba, ga Mujiyar. Jirgi na, na bisa, ba tsuntsu ba.”

Barmo bai taɓa ba. Ya nuna da bakin sanda. “Jirgi ka naɗe hihhike kamar kaza?”

“Shina naɗewa, Baba, don shi samu wurin kwana bisa bayan jirgin ruwa.”

“To. Jirgi goye da jirgi. Gorar ga hwa, mi ka ciki?”

Tanimu ya ji an zo inda ya fi sani, ya washe baki. “Nan ta ka kama inuwar mutum, Baba, tun shina nesa bai sani ba.”

Barmo ya juya ga dattawa a hankali. “Kun dai ji. Kurwa cikin gora.”

Sai aka ji tari daga bayan zana. Tanimu ya san tarin nan. Indo ce ta fito da A'i a hannu, ta rusuna wa ubanta.

“Baba, a yi man haƙuri, shirun da ni yi ya isa. Mutumen ga ba maye ba na, surutu garai. Tun da anka kai ni gidanai bai taɓa zagawa bayan gida da dare ba sai na tsaya mai ina tari. Mujiya ta yi kuka, sai shi shige bargo shi bar ni waje. Wanga na za shi cin mutane?”

Wani dattijo ya fara ƙyaƙyatawa, sai zauren ya ɗauka, har Barmo ya rufe baki da hannun riga. Tanimu ya so ƙasa ta tsage. Sojan da ya ƙetare teku, ga shi an tuɓe shi a gaban suruki. Indo ba ta jira izinin kowa ba, ta ɗauki A'i ta ɗora masa a cinya, gaban idon duk masu ɓoye 'ya'yansu.

Yarinyar ta miƙa hannu ta naɗe fiffiken jirgin, ta buɗe, ta sake naɗewa. Sannan ta ɗaga kai ta tambaye shi ko shi ne ya yi. Tanimu ya manta da kunyar 'yar fari, ya manta da Barmo, ya rungume ta yana hawaye, ya ce shi ne.

Tun daga ranar har ya tsufa, in ya ratsa dandali da yamma sai maza su kama tari. Bai taɓa yin fushi ba. Yakan ɗaga musu hannu ya ce ya gode da rakiya, ya wuce gida da sauri, don A'i na jiransa.