Jika Mai Zarto Ya Koma Mai Firiza

A Akébé, wata unguwa a Libreville, idan ka tambayi shagon Uwaisu Idrisa da wuya a gane wanda kake nufi. Amma ka ce Jika mai firiza, nan take za a nuna maka wata rumfar kwano a bayan kantin Adamou. Sunan Jika kakarsa ce ta laƙaba masa tun a Ɗambatta, ya biyo shi har Gabon. Mai firiza kuwa sabon suna ne, bai wuce shekara uku ba. Kafin nan, shekara goma sha shida cur, Jika mai zarto ake kiransa.

Ya sauka a Libreville a 2001, yana ɗan shekara ashirin da bakwai, da niyyar kasuwanci kamar kowa. Adamou, wani mutumin Garwa ta Kamaru da suka haɗu a masallaci, shi ya ba shi agoguna da tocila ya riƙa zagayawa da su kasuwar Mont-Bouët. Sai dai Uwaisu ba shi da bakin ciniki. Mai saye zai ɗauki tocila, shi kuma ya ce masa, "Wannan ba ta daɗewa, ka bari sai an kawo masu kyau." Bayan wata biyu Adamou ya zaunar da shi ya ce, "Ɗan'uwa, kai mutumin kirki ne, amma ciniki ba naka ba ne." Ya haɗa shi da wani mai sayen kaya a kantinsa, wanda ya sama masa aiki a wata masana'antar tsaga katako a Owendo.

Da sharar garin katako ya fara. Cikin shekara huɗu ya kai bakin babban zarto, wanda ke tsaga gungumen icen okume mai kaurin da mutum uku ba za su zagaye shi da hannu ba. Abokin aikinsa a wurin wani ɗan ƙasa ne mai suna Mba, kuma don ƙarar inji da hannu suke magana. Ya je gida ya auro Nazira, ya kawo ta Akébé, suka haifi 'ya'ya mata biyu, Muna da Zubaida. A unguwa an san shi da abu biyu: ƙamshin katako da ba ya barin rigarsa, da muryarsa. Ko raɗa ya yi a sahun gaba, na sahun baya sai sun ji. Wasu kuma suna cewa yana da girman kai, a gaishe shi ya wuce bai amsa ba.

Wata Litinin da safe a 2021 suka isa wurin aiki suka tarar da sarƙa a ƙofa, da takarda manne a bango. Mba ya karanta, ya juyo ya dubi Uwaisu, ya haɗa hannuwansa biyu ya ware su, alamar da suke yi idan an tashi daga aiki. Wannan karon tashin na har abada ne. Masu kamfani sun rufe.

Wata biyu Uwaisu na zaune a gida. Ba mai yawan ƙorafi ba ne, amma Nazira ta ga yadda yake shiryawa da sassafe kamar mai fita, sannan ya tuna, ya koma ya zauna a bakin ƙofa. Ita ce ta riƙe gidan da zoɓo da kunun aya da take sayarwa a robobi. Ana cikin haka tsohuwar firizarta ta mutu, ta koma sayen ƙanƙara kullum.

Sai ga Mba wata rana da hantsi, yana ta haki. Ya tsaya a gaban Uwaisu, ya yi masa bayani da Faransanci haɗe da nuni. Ƙungiyar ma'aikata ta ci nasara: duk wanda ya yi aiki a masana'antar za a koya masa sabuwar sana'a wata shida, a ba shi kuɗin mota, in ya gama a taimaka masa ya sami wurin aiki.

"Wannan na 'yan ƙasa ne," in ji Uwaisu. "Mu baƙi wa zai tuna da mu?"

"Katin zamanka da rai?"

"Da ransa."

"To sunanka ne na arba'in da uku a jerin sunayen. Da idona na gani. Gobe ka sa rigar kirki."

Cibiyar koyon sana'ar a Nzeng-Ayong take. Wadda ke karɓar mutane wata mata ce mai gilashi, Madam Moussavou, tana kiran suna ɗaya bayan ɗaya. Sau uku ta kira Uwaisu Idrisa, shi kuwa yana zaune yana kallon taga, sai da Mba ya zungure shi. Da ya shiga ofis ta yi masa tambayoyi, yana amsawa daidai, idonsa a kan fuskarta. Can sai ta ɗauki wata takarda ta kare bakinta, ta ci gaba da magana. Uwaisu bai ji komai ba sai wani gunji kamar daga cikin rijiya.

Ta sauke takardar ta ce, "Mushe Idrisa," wato Malam Idrisa a Faransanci, "kai ba ji kake yi ba. Bakin mutane kake karantawa."

Ransa ya ɓaci. Ya ce lafiyarsa ƙalau, mutanen yanzu ne ba sa buɗe baki su yi magana. Ta yi murmushi, ta ce shi ne na goma sha ɗaya daga masana'antar da ta gani da wannan matsala, kuma duba lafiya yana cikin shirin. Ta rubuta masa takardar asibiti.

Bayan mako uku likita ya saƙala masa wata 'yar na'ura a bayan kowane kunne, ya murɗa. Abin da ya fara ji shi ne ƙarar fanka, sannan takun wata nas a waje. A taksin komawa ya ji ƙas-ƙas ɗin sigina, ya ji wata mata a bayansa tana tauna gyaɗa. Ya riƙa waige-waige yana dariya shi kaɗai, har direba ya tambaye shi ko lafiya.

Ya shiga gida a hankali. Nazira na tsakar gida tana wanke robobi, ta ba shi baya, tana magana ƙasa-ƙasa: "Ga shi nan ya dawo. Yanzu zai tuɓe takalman nan a tsakiyar hanya, ni ce baiwar kwashewa."

"To bari in kwashe abina," in ji Uwaisu.

Robar hannunta ta faɗi cikin ruwa. Ta juyo baki buɗe. "Malam! Ji ka yi?"

"Har da baiwar."

Ta rufe fuska da zane, dariya ta ci ƙarfinta har ta zauna a ƙasa. "Na shiga uku. Shekara goma ina faɗin abin da na ga dama a bayanka. Yanzu ina zan kai bakina?"

Da la'asar ya ce a kira masa mahaifiyarsa a Ɗambatta. Shekaru da dama Nazira ce ke riƙe wayar, ta saurara ta maimaita masa. Ran nan shi ya riƙe da hannunsa. Muryar tsohuwar ta tsufa fiye da yadda ya san ta, amma ita ce. Suka gaisa, ya tambayi kowa da kowa. Can ta ce, "Jika, yau me ya same ka ba ka yi mini ihu?" Ya miƙa wa Muna wayar, ya fita bakin ƙofa yana share ido yana murmushi.

Da aka zo zaɓen sana'a, akwai walda, akwai haɗa wutar gida, akwai tuƙin motar ɗaga kaya, akwai gyaran firij da firiza. Adamou ne ya yanke masa shawara. "A garin nan da gumi ba ya barin mutum, mai gyaran sanyi ba zai zauna ba. Kuma sana'ar tana son mai faɗin gaskiya, ka ga ta dace da kai." Mba ya ɗauki haɗa wuta.

Karatun bai zo da sauƙi ba. Uwaisu ne mafi shekaru a aji, malamin nasu kuwa, Mushe Ndong, ya kusa zama ɗansa. Yana jin Faransancin titi, amma na littafi ya fi ƙarfinsa. Sai ya sami dabara: ya zana kowane ƙarfe a littafinsa, ya rubuta sunansa da ajami a ƙasa. A mako na uku ya sa hannu a bayan wani firij bai zare fulogi ba, wuta ta ja shi ta yar. Ya miƙe yana salati, 'yan aji suna ta dariya, shi ma ya taya su. Tun daga ranar ba ya taɓa komai sai ya ga fulogi a ƙasa da idonsa.

Jarrabawar farko ta rubutu ce, kuma ya faɗi warwas. Ya je wurin Madam Moussavou ya ce ya gode, amma zai haƙura, kansa ya tsufa. Ta miƙe tsaye. Ta ja shi har aji, ta ce wa Mushe Ndong ya yi masa tambayoyin nan da baki, a gaban inji. Cikin goma ya amsa tara, yana nuna kowane abu da yatsa. Daga ranar aka amince a riƙa yi masa jarrabawa da baki da kuma aikin hannu, shi da wasu mutum huɗu.

A wata na huɗu malam ya ce duk mai mataccen inji a gida ya kawo a gwada a kansa. Uwaisu da Mba suka ɗora firizar Nazira a bayan wata akori-kura har Nzeng-Ayong. Kwana biyu yana bin bututunta da kumfar sabulu, har ya gano inda gas ke zurarewa, wata huda da ba ta kai bakin allura ba. Ya liƙe ta, ya ɗura gas, ya kunna. Duk aji suka matso kusa. Ya kara kunne a jikinta ya ji injin ya ɗauka, yana tafiya sumul. Bayan awa ɗaya Mushe Ndong ya zura hannu ciki, ya zaro da sauri yana yarfewa. Washegari Nazira ta aiko da zoɓo mai sanyi roba talatin, har da na mai gadi.

Ya yi wata biyu na gwaji a wani gidan ajiyar kifi kusa da tashar jiragen ruwa. Da ya gama suka ce ya riƙa zuwa kwana uku a mako. Ranar ba da takardar shaida aka haɗa wa kowa da akwatin kayan aiki. Adamou ya zo cikin babbar riga, kuma tun a wurin ya ce rumfar bayan kantinsa ta zama ta Jika da Mba, su gyara ta su shiga.

Ba kowa ne ya dace haka ba. Wasu abokan aikinsu sun koma ƙauye, akwai kuma wanda har yau yake neman abin yi, yakan zo rumfar ya sha shayi. Uwaisu ma in ya wuce wurin kafinta ya ji ƙamshin okume yakan rage sauri. Amma ba ya son komawa. Yana son yadda ake kiransa a waya ya amsa da kansa, yana son ganin fuskar mutum lokacin da injinsa ya farfaɗo.

Wata Asabar da safe Hajiya Djaïba, 'yar Marwa mai sayar da ɗanyen kifi a unguwar Sotega, ta kira shi hankali a tashe. Babbar firizarta ta tsaya, ga kifi maƙil a ciki, ga rana ta fara zafi. Ya tari taksi ya isa ya same ta tana zagaya firizar tana tafa hannu.

"Malam Jika, wani ya zo ya ce injin ne ya ƙone, sai dai sabo. Ka taimake ni."

Ya durƙusa a baya, ya ce a kunna. Ya saurara, ya ji injin na yunƙurin tashi yana komawa. Ya zare fulogi, ya ɓalle wani ɗan abu mai girman akwatin ashana, ya girgiza shi a kunne.

"Hajiya, injinki lafiya lau. Wannan ɗan abin ne ya mutu, kuma ina da irinsa a akwati."

Cikin minti ashirin firiza ta ɗauka. Hajiya ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo. Ta sallame shi, sannan ta buɗe firizar ta zaro wani ƙaton kifi da ya kusa kai tsawon hannunsa, ta ce wannan na Nazira ne, kuma ba ta son jin musu.

Direban taksi ya ƙi yarda a sa kifin a kujera, bayan motar kuma cike da ayaba. Haka Uwaisu ya zauna gaba, akwati a ƙafa, kifi rungume a cinya cikin leda, jelarsa ta leƙo ta taga, har Akébé. Nazira ta ce ba ta da tukunyar da za ta ɗauke shi, sai da aka aro ta maƙwabta. Da la'asar aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka kira Adamou da Mba. Mba ya ce a garinsu baƙo ake ba kan kifi. Adamou ya ce a Garwa dattijo ake ba. Suna cikin gardama Nazira ta ɗauke kan ta ajiye a kwanon mijinta, ta ce su ci gaba, tana saurare.