Sunan da Bature Ya Soke

Shekara arba'in na yi ina lissafin ƙwayoyin da ke cikin ƙwayar zarra, abubuwan da ido ba ya gani, sai dai a bi sawunsu da alli a kan allo. Har shehun malami aka kira ni. Amma na san wanda ya kamata ya yi aikin nan, kuma ba ni ba ne.

Ɗan ajinmu ne a elementare a Isa, ɗan wani makiyayi daga wajen Gangara. Lissafin da mukan yini a kansa, shi da ka yake yi. Da muka yi jarrabawar shiga midil, ya zo na ɗaya, ni na huɗu. Gurbi uku aka ba gundumarmu.

Baturen makaranta ya zo, ya zauna a rumfa da takardar sunaye, yana tambayar sana'ar uban kowa. Ina tsaye ya ja jan layi a kan sunan na ɗaya.

Malaminmu ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. "Ranka shi daɗe, mi al laihin yaron ga? Ya hi su duka."

Ta bakin tafinta Baturen ya ce ɗan makiyayi ba ya zama. Da rani ya yi za a ƙetare iyaka da shi. Ɗan malamin hakimi ne zai yi wa En'e, hukumar sarki, amfani. Ni ke nan. Bai ma ɗaga kai ya dubi yaron ba.

A gida na ce, "Baba, ba za ni ba."

Ya ce, "Za ka." Kuma na tafi. Har yau ban yafe wa kaina saurin da na yi na ɗaure akwati ba.

Bayan shekaru na gamu da ɗan makiyayin nan a kara, ranar kasuwar Sabon Birni, ya kawo bijimai biyu. Ya tambayi aikina. Na zana masa a ƙasa yadda ƙwayoyi masu ture juna suke cunkushe wuri ɗaya. Ya dubi zanen, ya ce, "To, malam, in suna ƙin juna, mi ka riƙe su?"

Shekara shida na yi a kan tambayar nan. Ɗalibaina na jami'a sai na ja su da ƙyar suke isa gare ta.

Ranar nan a kara bai ambaci Baturen ba, ko sau ɗaya. Ni ne na riƙa zaginsa, har ya dafa kafaɗata ya ce mutane na kallo. Ya rasu a Burkusuma, bai sake shiga aji ba.