Yau Ni Na Yi Magana a Boda, Malam Altine Yana Bayana

Labarin ya same ni yau da safe, ban ko kai kofin shayi baki ba. Malam Altine Kende ya rasu. Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma.

Ba a gida ya rasu ba. A tsallaken boda ne, cikin ƙasar Benin.

Wallahi abin da ya fara kama ni ba baƙin ciki ba ne, tsoro ne. Sai da na dafa bango na zauna, har shayin ya zube mini a riga.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Malam Altine shi ne uban ƙungiyarmu ta malaman Faransanci a nan ƙasar Bagudo. Tun yana yaro mahaifinsa ya tsallaka da shi fatauci, lokacin ana kiran ƙasar Dahomey, can ya yi makaranta. Da aka samu 'yancin kai, mu da su, aka ce a fara koya wa yara harshen maƙwabta, shi ne ya dawo gida ya ɗauki alli. Sauranmu daga baya muka zo, da Faransancinmu na littafi wanda bai taɓa shan iskar kasuwa ba.

Shi ya tara mu. Ranar kasuwar Lolo, garin da ke bakin boda, muke haɗuwa a gindin wata bishiya, kowa ya kawo darasin da ya gagare shi. Wani ya tashi ya koyar, sauran mu zama ɗalibai, mu yi ta yi masa tambayoyin mugunta. Malam yana gefe da ƙwaryar fura yana dariya.

Idan aka tura sabon malami ƙauye, Malam zai hau kekensa ya je, ya zauna a bencin baya kamar ɗalibi. Ba ya gyara maka a gaban yara. Sai an tashi ya ce ka raka shi bakin hanya, a can zai faɗa maka.

Ni ya taɓa yi mini tafiyar nan har Matsinkai, ana tsakiyar damina, don hedimasta ya mayar da lokacin darasina na sharar fili. Ya iso da laka har gwiwa, ya zauna ya sha ruwa, ya yi hira da hedimasta a kan gero. Washegari aka mayar mini da darasina.

Amma akwai dokarsa guda, wadda duk ɗan ƙungiya ya sani. Muna kiranta tsallakawa.

Duk sabon malami, sai ƙungiya ta raka shi tsallaken boda. Da zarar an wuce sandar da ke tare hanya a boda, babu Hausa, babu Dandanci, babu Fillanci, sai Faransanci har a dawo. Kuma sabon malamin ne zai tsaya gaban jandarma, mai tsaron bodar can, ya yi bayanin ko mu su wane ne da abin da ya kawo mu. Malam yana tsaye a bayansa, hannu a kafaɗarsa, ba zai ce uffan ba. Ko ka yi gumi, ko ka haɗiye harshenka, hannun nan kawai za ka ji.

Yakan ce, “In ba ka tsaya gaban mai kaki ba ka hwaɗi sunanka, mi za ka koya ma ɗiyan mutane?”

Tawa tsallakawar ta zo lokacin da sojoji ke ta karɓe mulki a can, yau wannan gobe wancan. Ni kuwa ga ni saurayi da kaifin kai. Na aro rikoda mai kaset na saka cikin jaka, wai zan ɗauko muryar 'yan kasuwa in kunna wa ɗalibaina su ji yadda masu harshen ke magana. Don zumuɗi, tun kafin mu isa wurin jandarmomi na danna ta, ina son in samu har gaisuwarsu.

Malamin harshe ne kaɗai zai yi wannan wauta, ya ɗauka aikin kirki yake yi.

Jandarma ya ji ƙarar kaset yana juyawa cikin jaka. Kafin in ƙifta ido an juyo da bakin bindiga saitin cikina, an tura ni wani ɗaki mai rufin kwano. Suna ta tambaya, wa ya aiko ni, wa nake yi wa leƙen asiri. Ban ga laifinsu ba, ko ni ne abin da zan zata ke nan.

Malam ya biyo ni ciki, ya tsaya a bayana, ya ɗora hannu. Yana jira in yi magana.

Ban iya ba. Duk kalmar da na taɓa haddacewa ta gudu. Ba abin da nake ji sai warin man bindiga. Rana ta yi tsaka, ta karkata, ni ko sunana ban faɗa ba. Da ya ga sun fara maganar a wuce da ni gaba cikin mota, sai ya janye hannunsa ya yi magana. Ya sa suka kunna kaset ɗin, suka ji muryata ina gwada gaisuwa ina ta maimaitawa, suka yi dariya suka sake mu.

A duk tarihin ƙungiya, ni kaɗai ne Malam ya karya wa dokarsa.

Tun daga ranar na ci gaba da tsallakawa da su, amma kullum ina can baya, ni ne mai riƙe jakunkuna. Na koyar har na yi ritaya, ɗalibaina wasu suna aiki da harshen nan a manyan wurare. Amma in na hango kakin nan da sandar nan, sai in koma bayan sahu. Yaran ƙungiya na yanzu suna zaton ciwon ƙafa ke sa ni jan baya.

Ganinmu na ƙarshe a kasuwar Lolo ne, makon da ya wuce. Ya tsufa ƙwarai, yana dogara sanda, amma ya ce zai tsallaka ya gaida abokinsa Malam Isiyaka, wani tsohon malami na can, su shirya tsallakawar Malama Rabi. Ita ce sabuwar malamarmu da aka turo Matsinkai. Na ce ya bar wa yara wannan wahala. Ya dube ni ta saman tabarau.

“Sahabi, kai ne yaran. Kowa ya ƙare tashi tsallakawa, kai ɗai ka saura. Ina nan ina jiranka.”

Na ce, “Malam, ai na tsuhwa.”

Ya ce, “Awo. Tsoron ma ya tsuhwa, sai ku tahi tare.”

Muka yi dariya, ya saya mini goro, na taya shi hawa motar Kende. Sai jiya ya tsallaka.

Yau da safe Malam Isiyaka ne ya kira. Ya ce sun yi sallar asuba tare, Malam ya jingina da bango yana lazimi, bai sake tashi ba. Sannan ya ce, “Ga zahi, Malam Sahabi. In la'asar ta yi ba ku hita da shi ba, nan za mu rufe shi. Ba mu iya aje shi ya kwana.”

Gaskiya ya faɗa, ƙasar Allah duk ɗaya ce. Har na fara jin sauƙi a raina, Allah Ya yafe mini. Sai ga kiran Inna Hajo, matar Malam, wadda ta daɗe ba ta iya taka ƙafa.

Ba ta yi kuka ba. Ta ce, “Sahabi, kun san ban iya tahiya. Ku kawo mani shi in gan shi. Ban yi mashi bankwana ba, cewa ya yi gobe shina dawowa.”

'Ya'yansa maza suna nesa, ba za su iso kafin yamma ba. Manyan ƙungiya da suka saba da boda, wasu sun riga mu gidan gaskiya, wasu suna kwance. Da na kira waɗanda ke kusa, aka samu ni da Malama Rabi, sai direban a-kori-kura da muka ɗauka. Ita ba ta taɓa tsallakawa ba, tun daga Bagudo take kuka.

Shiga ba ta yi wuya ba, Malam Isiyaka ya aiko wanda ya tarbe mu. Muka iske an yi wa Malam wanka an suturta shi, an karɓo takardar likita. Muka shimfiɗa tabarma a bayan mota muka kwantar da shi, muka yi masa inuwa da zane. Malam Isiyaka ya raka mu bakin ƙofa, ƙafarsa ba ta kai shi boda.

Fitowa ce matsalar. Gawa ba buhun masara ba ce da za a ɗaga maka sanda ka wuce.

Muka iso, direba ya kashe mota. Jandarman da ya fito yaro ne, ɗan kudancin ƙasarsu, ba ya jin Hausa ko Dandanci. Ya leƙa bayan mota, ya ja da baya, fuskarsa ta canza. Ya gyara riƙon bindigarsa ya tambaya da Faransanci, wa ke da alhakin wannan gawa.

Direba ya dube ni. Malama Rabi ta dube ni.

Jama'a, ina da jikoki, amma wallahi na koma saurayin nan mai rikoda. Warin man bindigar nan na sake ji. Ya sake tambaya, da ƙarfi wannan karon, ya ce in babu mai bayani mu juya da motar. Na dubi inuwar sandar a ƙasa, ta riga ta fara tsawo. Na tuna Inna Hajo zaune a kan tabarma tana kallon ƙofa.

Ban san lokacin da na fara ja da baya ba. Guduwa nake son yi, wannan ita ce gaskiya. Na ja, na ja, har kafaɗata ta bugi ƙarfen motar, daidai inda kan Malam yake.

Nan na tsaya.

Yana bayana, ya yi shiru, kamar yadda ya saba. Kuma na san yau ko za a kwana a nan ba zai karya dokarsa ba.

Na buɗe baki. Muryar da ta fito kamar ta ɗan akuya, amma ta fito. Na faɗi sunana. Na ce ni malamin Faransanci ne daga Bagudo. Na ce wannan da ke kwance malamina ne, ya koyi harshenku a ƙasarku yana yaro, ya kai shi gida ya koya mana. Na ce ya zo gaida abokinsa ajali ya same shi, matarsa tsohuwa ce ba ta iya tafiya, tana son ta ga fuskarsa kafin a rufe shi. Na miƙa takardar likita.

Na yi kurakuran da in ɗalibina ne ya yi su sai na sa shi ya maimaita. Ban tsaya gyarawa ba.

Ya karɓa ya shiga ciki ya kira na gaba da shi. Muka tsaya cikin rana. Aka kawo mini waya inda nake tsaye, babban nasu ya yi mini tambayoyi, na sake amsawa tun daga farko. Duk tsawon lokacin nan ban ɗaga kafaɗata daga jikin motar ba sai da aka ce in shigo in sa hannu, ƙarfen har ya ƙona ni ta cikin riga.

Sai ga yaron ya fito. Ya je ya ɗaga sandar da kansa. Da motar ta zo wucewa ya cire hularsa.

A ɓangarenmu na Lolo an riga an ji labari, ba a tsayar da mu ba. Muka shiga Kende ana kiran la'asar. Aka shigar da shi ɗakin Inna Hajo, aka buɗe mata fuskarsa. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, “To, Malam, ka dawo. Allah shi gahwarta maka.” Aka fito da shi muka yi masa salla.

Yanzu na shigo gida nake buga rubutun nan. Kada wani ya ce na yi jarumta. Tsoron yana nan inda yake.

Har wani ya ƙaru a kansa. A hanyar dawowa daga maƙabarta Malama Rabi ta aiko a tambaye ni ko an fasa tsallakawarta, tunda Malam ba ya nan. Na ce a gaya mata ba a fasa ba. Sai da na faɗa na gane cewa ni ne zan tsaya a bayanta, in ga tana rawar jiki gaban mai bindiga, in kame bakina. Ban san yadda ya iya yin haka shekara da shekaru ba. Ban taɓa tambayarsa ko shi ma yana jin tsoro ba.

Ya Allah, bawanka Altine ya zo gare Ka. Ya tsaya a bayan mutane da yawa lokacin da suke cikin firgici. Ka tsaya masa a inda babu mai tsaya wa wani, Ka tabbatar da harshensa wurin amsa tambaya, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka ba Inna Hajo da 'ya'yansa haƙuri.

Duk wanda ya karanta, ko ka san shi ko ba ka san shi ba, don Allah ka tsaya ka yi masa addu'a kafin ka wuce. Tsofaffin ɗalibansa na Kende da Lolo da Matsinkai, ku sanar da junanku.

In kun gama tasa, ku saka ni a ciki. Ranar kasuwar Lolo ta farko bayan hutu za mu tsallaka da Malama Rabi.