Hoton Mijin Inna

Wallahi abin nan ni ya faru da ni, ba ji na yi ba, shekarun da nake aiki a wani shagon buga katin biki da kalanda a Badariya, cikin Birnin Kebbi. Wata Talata da hantsi wata tsohuwa ta shigo, daga Argungu ta taho, ta kwance bakin zaninta ta miƙo mini faifan sidi duk ya karce. Ta ce mijinta manomin albasa ne, ya rasu shekara tara, kuma duk rayuwarsa sau ɗaya ya yarda aka ɗauke shi hoto, a gona. Mai hoton ya ba su faifan ya bar gari, ba a taɓa wankewa ba.

"Ɗana, idona na tahiya," in ji ta. "So nike in gane shi tun ina gani."

Na ce Inna ki zauna, minti biyar ne. Kai, baki! Fayil ɗin ba irin wanda muka saba ba ne, ɗanyen hoto ne na wata tsohuwar kyamara. Na danna ya ƙi, na canza masa suna ya ƙi, na sauke manhaja uku, ɗaya ta buɗe mini toka-toka kawai. Har azahar ina gumi, ita kuwa sai sannu take mini, wallahi sannun nan ta fi zagi ciwo.

Da ta tafi masallacin bayanmu yin salla, sai wani dattijo ya leƙo, ƙafarsa duk laka, warin ɗanyar albasa ya cika shagon. Ya yi sallama a hankali, ya nuna tsohuwar kwamfutar da ke ƙarƙashin tebur, wadda maigidana ya gada wurin mai shagon na farko, ya ce in gwada waccan, tsoho shi ka sanin tsoho. Na yi dariya na ce Baba ashe kai ma injiniya ne. Ya yi murmushi, ya ce, "In ya buɗe, kak ka yanke gehen hagu." Ku sani mu a sana'armu ɗabi'a ce, sai mu yanke mutum daga cikin hoto mu dasa shi cikin furanni ko falon masu kuɗi. Ina sunkuye ina jona waya ya fita.

Kwamfutar ta tashi da ƙyar tana nishi, ashe manhajar kyamarar na cikinta. Hoton ya fara sauka daga sama, hula, goshi, sai murmushin nan. Jama'a, shi ne. Har lakar ƙafar. Na leƙa waje, babu kowa sai mai gyaran babur, ya rantse bai ga shigar kowa ba.

Inna ta dawo, ta kai fuskarta dab da gilashin ta daɗe tana kallo. A gefen hagu akwai hannun mace da awarwaro ɗaya, yana miƙo kwanon fura. Ta taɓa wurin da yatsa ta ce, "Wanga hannuna ne. Ashe tare munka hito."

Na buga mata babba, ban yanke komai ba, ban kuma gaya mata wanda ya zo ba. Har yau in na ji warin ɗanyar albasa sai tsigar jikina ta tashi, amma ba tsoro ba ne zalla, har da tausayi. Ku masu gyaran hoto, don Allah kafin ku yanke gefe, ku tambayi mai shi hannun wa ke wurin.