Kwat Ɗin Aro, Ƙafafun Mai Wanki

Kafin in zama abin da na zama, ni mai wanki da guga ne, kuma na iya. Daga wani ƙauye kusa da Malumfashi na fito, ɗan gidan Kirista, uwata tana cikin zumuntar mata. Neman abinci ya kawo ni Libreville, na samu aiki a shagon wankin wani Alhaji mutumin Maraɗi a unguwar Lalala. Yini nake tsaye cikin ruwan sabulu da jabel, ruwan cire tabon nan mai cin fata. Alhaji bai taɓa cuta ta ba. Samari, da ku nake, musamman masu jin kunyar sana'arsu.

Abin ya fara ne da hoto. Wata Asabar wani ma'aikacin banki ya kawo kwat ruwan toka, ya ce sai Talata zai karɓa. Na goge shi, na rataye, na tsaya ina kallo. Na ce bari in saka in ɗauki hoto ɗaya in tura gida, kada a ce ɗan Mama Ladi ya ƙetare teku don ya wanke wa arna wando. Hoton ya yi kyau, kaico. Washegari Lahadi na sake saka shi, na hau taksi zuwa wata ƙaramar majami'a ta mutanenmu a unguwar Nombakélé, inda ba wanda ya san ni.

Ina shiga mai tsaron ƙofa ya rusuna, ya wuce da ni benci na gaba. Da aka tashi aka tambaye ni aikina. Bakina ya riga hankalina, na ce ina harkar kaya a tashar jiragen ruwa. Daga ranar sunana ya koma Direkta.

Kada ku ɗauka daɗi nake ji. Kowace Lahadi da kwat ɗin wani nake zuwa. Ina tsoron mai kaya ya hango ni ta tagar taksi. Ina tsoron zufa, ina tsoron manja. In aka yi cin abinci bayan sujada sai in ce ina azumi, mutane su ce kai, Direkta akwai tsoron Allah, alhali tabon miya nake gudu. Hannuwana kuwa kullum a aljihu, don jabel ya cinye su. Kayan aro ba ya rufe katara, ni shaida ne.

Limaminmu wani tsoho ne, Baba Fasto, riga biyu gare shi duk mun san su. Yana yawan wa'azi a kan tawali'u. Yakan ce Ubangijinmu a wurin dabbobi aka haife shi, aikin kafinta ya yi, kuma ya koyar cewa in an gayyace ka biki ka nemi wurin zama na baya. Ni ina gaba, ina gyaɗa kai, har da cewa amin da ƙarfi.

A garin nan baƙo ba shi da abin da ya fi katin zama, wanda muke kira sejur. In ya ƙare ba ka sabunta ba, duk shingen 'yan sanda lahira ce a gare ka. To, mai kwat ai dole ya san manya. Mutane suka fara ja na gefe suna roƙo in sa musu baki. Na farko na ce zan duba. Na biyu ya damƙa mini fasfo da kuɗi, na karɓa, wasu ma suka biyo baya. Na sayi takalmi da agogo, don su ba a kawo su wanki. Fasfunan kuwa na zuba su cikin gwangwanin madara, na tura ƙarƙashin teburin guga.

Cikin masu ba ni har da Mama Saratu, gwauruwa mai soya ƙosai a bakin kasuwar Mont-Bouët, tana da 'ya ɗaya da ta haifa a nan. Katinta saura kaɗan ya ƙare, ta riga ta shirya zuwa bin layi da kanta. Ni na hana ta. Na ce, “Haba Mama, ina raye za ki sha rana?” Ta ce, “Allah ya yi maka albarka, ɗana.” Ta kunce bakin zane ta ba ni komai.

Ranar Alhamis ta kafin Ista muna da al'ada, Fasto yakan wanke ƙafafun wasu daga cikin jama'a, tunawa da yadda Yesu ya yi wa mabiyansa. Da la'asar aka kawo roba da tulu. Ban ankara ba na ji an kira Direkta. Na ce ƙafata na ciwo, aka yi dariya, aka ce Direkta kunya yake ji. Na zauna, na cire takalmi da safa.

Ƙafar mai wanki ba ta ɓuya. Tsakanin yatsu fari fat, duk ya zagwanye, diddige ya tsattsage, farce ya mutu. Baba Fasto ya durƙusa, ya riƙe ƙafata, ya daɗe yana dubawa. Ya zuba ruwa a hankali. Sannan ya ce, yadda ni kaɗai zan ji, “Ɗana, shekara tara na yi ina wanki kafin a kira ni. Na san ƙafar nan, ba abin kunya ba ce. Na ji takardun mutane suna hannunka, ka kawo su ran Lahadi, ni zan tsaya kusa da kai.”

Ya buɗe mini ƙofa, ni na ƙi shiga. Kwana uku ban iya cin abinci ba. In mota ta tsaya a ƙofar shago sai in leƙa in ga ko ni aka zo nema. Ran Lahadi na ɗauko gwangwanin, na kai har bakin titi, na tuna zan shiga da rigata ta gwanjo, mai tsaron ƙofa ya dube ni, sai na juya. Allah ya sani, na fi tsoron idon mutane a kan tsoronsa.

Ran Talata aka tare taksin da Mama Saratu take ciki. Ba fasfo, kati ya ƙare a hannuna. Ta ce takardunta suna wurin Direkta, ba wanda ya san ofishinsa. Baba Fasto ne ya bi shagunan wanki ɗaya bayan ɗaya har ya same ni, da gajeren wando, tsaye cikin kumfa, 'yan sanda biyu a bayansa. Alhaji ya yi salati, ya ce, “Kai kuwa me na rage ka da shi?” Da suka buɗe gwangwanin suka ga fasfunan, sai suka tafi da ni.

Gidan yari ba zan iya kwatanta muku shi ba. Ɗaki cike da mutane, zafi, ƙaiƙayi, ga tsoron wanda ke kwance kusa da kai. A can na ji cewa an mayar da Mama Saratu gida, 'yarta ta zauna a hannun wata maƙwabciya a unguwar Alibandeng don kada karatunta ya lalace. Baba Fasto ne kaɗai ke zuwa duba ni, da rigarsa ɗaya daga cikin biyun nan, yana kawo mini garin rogo da man shafawa na ƙafa.

Da na fito, na je majami'a da rigata, na tsaya na faɗi komai da bakina, na nemi gafara. Wasu sun yafe, wasu har yau ba sa amsa gaisuwata, kuma ban ga laifinsu ba. Baba Fasto ya kira mini Mama Saratu a waya. Na nemi gafararta ina kuka. Ta ce, “Ɗana, da ka ce mini kai mai wanki ne, ai da ni ma na kawo maka zannuwana.”

Yanzu wanki nake yi, a bencin baya nake zama. Samari, in an tambaye ku aikinku, ku faɗa da sunansa. Ku sa rigar da kuka saya da guminku, ko ta gwanjo ce. Ni na ji kunyar roba da sabulu, ga shi yarinya tana girma a Alibandeng, uwarta sai dai ta ji muryarta a waya.