Tocilar Mai Haƙar Rijiya

Shekara ashirin da shida mai gyaran tocila ya yi a rumfa ɗaya, bayan shagon masu walda, kuma abu ɗaya ne ba ya yi: ba ya cire wa tocila kwanon nan mai sheƙi da ke bayan ƙwai ya sa mata gilashi mai tudu. In an matsa masa, sai ya haska bango ya nuna. Kwano yana jefa haske tsakiya, ya bar saura ya zuba gefe. Gilashi kuwa tattare shi yake wuri guda, da'ira mai kaifin baki, bayanta duhu ƙirin.

Sau ɗaya ya taɓa yi, wa ƙaninsa Auta, mai haƙar rijiya, da ya dame shi yana son hasken da zai kai zurfin gaba goma sha biyu. Kwana tara bayan nan bangon rijiya ya rufta da Auta. Waɗanda suka tono shi sun ce tsagar da ta kayar da bangon tana daidai kafaɗarsa, faɗin tafin hannu. Tun ranar, ko tulu ya leƙa sai ya ji sanyin ƙasa a wuyansa. Bai gaya wa kowa ba.

Wata Laraba da hantsi matar Auta ta zo da tocilar a ƙulle cikin ɗankwali.

"Yaya, duba min wannan. Shekara shida tana ƙasan akwati, kullum in na buɗe sai ta harare ni."

Ya juya ta a hannu. Har yanzu akwai jar laka a makunnin.

"Ni na sa masa gilashin nan," ya ce. "Da kwanon yana ciki, da ya ga gefensa."

Ta daɗe tana kallon tartsatsin masu walda.

"Ƙaninka da ko kiran abinci ba ya ji in ya hango ruwa? Wa ya sani, Yaya."

"Ni ma abin da ban sani ba ke nan."

"To ba ni da amsar da zan ba ka."

Ya ɗauko sabon kwano zai mayar. Ta dafa tebur.

"Bar ta yadda ya riƙe ta. Batir kawai."

Ya goge tsatsar, ya sa batir, ya miƙa mata bai kunna ba. Ranar Juma'a ta aiko masa da abinci kamar kullum. Bai iya buɗe kwanon abincin ba sai da ya huce.